Mu sayar da dabbobin Baba don ya huta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 76, tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Tun da ya bar aiki yake kiwon awaki da tantabaru, da ragon da yake turkewa don layya. Kwanan baya ragon ya fizge shi ya faɗi. Yayyena sun ce a kwashe su duka a kai Zango, Baba ya huta. Ni kuwa hutun nake tsoro. Daga wata 'yar'uwa, Rigasa, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, tsoronki yana kan hanya. Tsoho in ya zauna, tsokar cinya ke fara zubewa, kuma wuyar dawowa gare ta. Alamomi biyar muke dubawa: rama ba dalili, yawan gajiya, sanyin damƙa, tafiyar hawainiya da ƙarancin motsi. Wanda ya haɗa uku, raunin tsufa ya kama shi.

To, dubi safiyar Baba. Ya dama dusa, ya yayyafa wa tantabaru gero, ya share turke, ya tsaya cinikin harawa da mai kura. Durƙuso ne da miƙewa da hira, ba wanda ya ce masa "motsa jiki". A Japan an bi diddigin dubban tsofaffi a Tokyo, aka ga masu kare sun fi jimawa da ƙarfinsu, masu kyanwa kuwa ba wani bambanci. Kare sai an fita da shi, kyanwa tana kwance abinta. Ba cewa nake ku nemo masa kare ba, akuya ma ta isa ta fito da mutum tsakar gida.

Ragon dai ban goyi bayansa ba. Karayar ƙugu a shekarun nan takan kwantar da mutum kwanciyar da ba tashi. A sayar, ko jika ya riƙa jan igiyar Baba na ba da umarni. A gyara santsin gindin turke, a sa fitila.

Nonon akuya a tafasa, saboda bakkale, cutar dabbobi da ke kama mutum ta ɗanyen nono. Tsuntsun da ya mutu haka kawai kada ya taɓa da hannu. A Jaji, nan kusa da mu, aka fara tabbatar da murar tsuntsaye nau'in H5N1 a Afirka a 2006.

Sannan ku kai shi asibiti a auna jininsa a duba idonsa. Wataƙila jiri ne ya riga ragon.