Kada tsoro ya zaɓa miki unguwa

Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Zariya ta rubuto cewa ta samu aiki a wani asibiti a Lesta, ƙasar Ingila, za ta taho da mijinta da yara biyu. Tana sa hijabi, kuma tarzomar 2024 da ta gani a waya ta tsorata ta. Wani Bahaushe a zauren WhatsApp ya ce yana da gida a "unguwar Musulmi zalla", amma sai ta tura kuɗin wata uku kafin ta gani. Yayan mijinta kuwa ya kafe sai sun zauna gidansa a Bamingham, ta riƙa zuwa aiki a jirgin ƙasa.

Ƙanwata, kada ki tura wa mutumin nan ko fam ɗaya. Tsoronki ya gano, da shi yake kasuwanci. Na sha ganin irinsa: hotunan falo mai kyau, "insha Allahu" a kowane saƙo, kuɗi na shiga lambarsa ta daina shiga. Akwai wadda ta sauka da akwatunanta a ƙofar gidan da masu shi ba su taɓa jin sunan dillalin ba. Dokar haya ta 2019 ta ce kafin alƙalami ba ya wuce hayar mako ɗaya, kuɗin ajiya a gida irin wanda kike nema ba ya wuce na mako biyar, wata dokar kuma ta ce dole mai gida ya sa su a asusun da hukuma ta amince da shi cikin kwana 30. Mai gida na gaskiya sai ya nemi lambar duba bizarki, don doka ta ɗora masa hakan. Wanda bai tambayi takarda ba sai kuɗi, ai kin san abin da ya fito nema.

Tsoronki yana da tushe. A 2024 an far wa masallaci a Southport, an kai hari otal ɗin masu neman mafaka a Rotherham. Amma a ƙidayar 2021, kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Lesta Musulmi ne, Turawa ba su kai rabin garin ba. Hijabinki ba zai sa kowa ya waiwaya ba. A unguwannin Highfields da Evington ga masallatai ga mahauta na halal, a Narborough Road kuwa shago goma a jere sai ki ji yare kusan goma. Ba Aljanna ba ce, don a 2022 samarin Hindu da na Musulmi sun gwabza. Kuma bari in gaya miki abin da dillalinki ba zai faɗa ba: yawancin Musulmin can asalinsu Indiya ne, kuma baƙar fata kan ji baƙunta ko a sahun salla. Unguwar da ta gauraya ta fi sauƙin shiga.

Tambayi asibitin ko suna da masaukin wucin gadi, da yawa suna ba sababbin ma'aikata na 'yan makonni. Daga nan ki fita neman gida da ƙafarki, gani ya kori ji. Je ki tsaya a tashar bas ɗin unguwar ƙarfe takwas na dare, lokacin da za ki riƙa tasowa daga aiki. Ki leƙa ƙofar firamare ƙarfe uku, ki ga su waye iyayen, ko suna gaisawa.

Saura Yaya. Allah Ya saka masa da alheri, amma a nan ina bayanki. Jirgi kusan awa guda ne zuwa, awa guda dawowa, a kan aikin awa 12, wani lokacin na kwana. Bizar gidan nan gaba ɗaya a wuyan aikinki take rataye. Ranar da latti ya ja miki matsala, har mijinki da yaran sai ta shafa, shi kuwa Yaya takardunsa na aljihunsa. Ga shi ba sunanki a takardar haya, makarantar yara kuma adireshi take bi. Mata biyu a kicin ɗaya cikin sanyin Disamba, ido wa ka raina? Ku je masa da Salla da tsarabarku.

Amma fa mijinki ne zai gaya masa, ba ke ba. In daga bakinki ta fito, kafin ki ajiye waya labari ya kai Zariya cewa kin raba 'yan'uwa.