Daga Kano zuwa Daura a kan keke

Tambaya: Ina son in je Daura daga Kano a kan keke. Yaya zan tsara tafiyar?

Amsa: Malam, raba ta kwana biyu, ka yada zango a Kazaure. Ka fita bayan sallar asuba, ka sauka kafin rana ta take. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, wato za ta riƙa bugo ka ta gaba da kuma ta gefen dama, don haka kada ka cika wa keken kaya. Riƙe ruwa lita 3, tub biyu, faci da famfo. In taya ta sace, shafa cikinta da yatsa kafin ka mayar da tub. Ƙayar da ta maƙale ita ke sake huda shi. Don Allah kada ka yi tafiyar dare, saboda manyan motoci.