Fatawa: Wanda jinsa ya yi rauni, yaya zai bi liman ya kuma halarci Juma'a?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekarata 56, na yi fiye da shekara ashirin ina sana'ar injin niƙa. Yanzu kunnuwana sun yi nauyi, ba na jin kabbarar liman sai ina kusa da lasifika, huɗuba kuwa sai dai in ga bakin liman yana motsi. Sau biyu ina ɗagowa daga sujada in tarar mutane ba su ɗago ba, har yara suka yi ta dariya. Tun daga nan nake salla a gida. Shin Juma'a ta faɗi a kaina? Kuma ɗana ya saya min na'urar ƙara ji, ya halatta in yi salla da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ce.

Juma'a ba ta faɗi a kanka ba. Malamanmu sun lissafa uzurorin da ke sauke ta, kamar ciwo mai hana fita, jinyar wanda ba shi da mai kula da shi, tsoro a kan rai ko dukiya, da ruwan sama mai ƙarfi. Kurumta ba ta cikinsu. Abin da aka ɗora maka shi ne ka je, ka zauna, ka yi shiru. Ji kuwa ba a hannunka yake ba, kuma Allah ya ce a ƙarshen Suratul Baƙara ba ya ɗora wa rai sai abin da zai iya.

Kada ka ɗauka zaman banza kake yi. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Usmanu ɗan Affan yakan ce wa mutane a huɗubarsa su saurara su yi shiru, domin mai shirun da ba ya ji yana da rabo daidai da mai shirun da yake ji. Kamar don kai aka faɗi maganar nan. A kanta mazhabarmu take: magana lokacin huɗuba haramun ce ko ga wanda ba ya ji, haka Shaihu Halilu ya faɗa a Muhtasar. Shafi'awa da Hambalawa sun sassauta cewa wanda huɗuba ba ta isa kunnensa zai iya zikiri a ɓoye. Ni dai abin da nake ba ka shi ne ka yi shiru, ka bar zuciyarka ta yi tunanin Allah, bayan an idar ka tambayi ɗanka abin da liman ya yi magana a kai.

Batun bin liman kuma, ido yana tsayawa a madadin kunne. Koyi da liman yana inganta ta hanyar jin sa, ko jin ladan mai isar da kabbara, ko ganin motsinsa ko na mamu. Saboda haka ka daina tsayawa a gefen sahu. Shiga tsakiya, kafaɗa da kafaɗa da mutum biyu, yadda in suka motsa jikinka zai sani ko kana sujada. Wuri biyu ne kawai nake so ka kiyaye sosai: kabbarar harama da sallama. Wanda ya riga liman a ɗayansu sallarsa ta ɓaci. To kada ka yi gaggawa. Sai ka ga na kusa da kai ya ɗaga hannu ya kabbarta sannan ka yi taka, sai ka ga ya juya kai sannan ka sallame. Ɗan jinkirin nan ba ya cutar da komai. Ɗagowar da ka yi daga sujada kafin liman kuwa ba da gangan ba ce, ba ta ɓata salla ba. In ta sake faruwa, ka koma sujadar muddin kana ganin za ka riski liman bai ɗago ba. A sallar da ake bayyana karatu, karatun liman ya ɗauke maka ko ba ka ji shi ba.

Na'urar ƙara ji halal ce a salla da wajenta, hukuncinta ɗaya da tabarau. Manzon Allah (SAW) ya ce: ku nemi magani, ya bayin Allah. Wajen alwala shafar kunne sunna ce, ka cire ta ka shafa ka mayar. In ka manta ba ka shafa ba alwalarka tana nan. Wankan janaba ne ya bambanta, don dole ruwa ya game fatar kunne ta waje, sai ka cire ta tukuna. Dama ruwa lalata ta yake yi. Sai dai ina ba ka shawara kada ka tsaya ga wadda aka sayo a kasuwa. Je wurin likitan kunne a auna jinka, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Wani lokaci dauɗa ce ta toshe, a wanke a huta. Ɓarnar da ƙarar inji ta yi kuwa ba ta cika gyaruwa ba, amma ana iya tsare abin da ya rage, in ka riƙa toshe kunne a bakin aiki ka kuma bar sosa shi da tsinken ashana.

Saura kunyar da ta zaunar da kai a gida, wadda ina ganin ita ce ainihin tambayar. A Naisaburi, wani gari a ƙasar Iran ta yau, an yi babban malamin hadisi, Abul Abbas Al-Asammu, wato kurma, ya rasu shekara ta 346 bayan Hijira. Da girmansa ciwon ya same shi, bayan ya dawo daga tafiyar neman ilmi, har ya kai ba ya jin kukan jaki. Duk da haka almajirinsa Al-Hakim ya ce shekara 70 ya yi yana kiran salla a masallacinsa, ɗalibai kuma suna zuwa masa daga garuruwa masu nisa. Yaran da suka yi dariya, iyayensu da limamin unguwa ne ke da aikin karanta musu aya ta 11 a Suratul Hujurati. Kai kuma ka samu liman ka gaya masa halin da kake ciki, a riƙa bar maka wuri a sahun farko bayansa, ka fara da Asubar gobe. Wallahu a'alam.