Mene ne asalin sunan Mildred?

Tambaya: Mahaifiyata sunanta Mildred. An ce ta ci sunan wata Baturiyar mishan ce da ta karɓi haihuwarta. Yanzu matata ta kusa sauka, in mace ce ina so in mayar da sunan. Daga ina ya fito, kuma me yake nufi? Daga wani mai karatu a unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: Malam, Allah ya sauke ta lafiya. Mildred sunan mata ne daga tsohon Turancin Ingila, wanda Turawan yau ba sa ganewa sai sun koya. Asalinsa Mildthryth, kalmomi biyu a haɗe: "mild", wato sanyin hali, da "thryth", wato ƙarfi. Ke nan mace mai ƙarfi a cikin sanyin hali. Ma'ana ce mai kyau ƙwarai.

Wadda ta ɗaukaka sunan ƴar sarauta ce, ɗiyar Merewalh, wani sarki a yankin Mercia na tsohuwar Ingila. Ta shugabanci gidan ibadar mata na Minster a tsibirin Thanet, cikin yankin Kent na Ingila, ta rasu a farkon ƙarni na 8. Kiristoci na ɗaukar ta waliyya, suna tunawa da ita ranar 13 ga Yuli. Ƴan'uwanta mata su ne Mildburh da Mildgyth, don a wancan zamanin, gida ɗaya kan riƙe farkon suna ɗaya, kamar yadda ake jera Abdullahi da Abdurrahman a gidajenmu. In gidanku na Musulmi ne, ka san da wannan tarihin, ka kuma ji ta bakin malaminku kafin ranar suna.

Bayan Normawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, irin waɗannan sunaye suka ja baya, sai a ƙarni na 19 aka farfaɗo da su. A Amurka, tsakanin 1910 da 1925, Mildred na cikin sunayen mata goma da aka fi sawa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a same shi ga Baturiyar wancan zamani. Yau da wuya ka ji an raɗa wa jaririya shi.

Wasu kan haɗa shi da Alfred saboda ƙarshensu ya yi kama. Kuskure ne, domin ƙarshen Alfred daga kalmar shawara ya fito.

Inda za ka fi sa ido shi ne takardar haihuwa. Bakinmu kan ce "Mildirid", ma'aikaci kuma da kunnen Faransanci yake ji, sai ya ƙara "e" a ƙarshe ko ya rubuta yadda ya ga dama. Ka rubuta haruffan bakwai da hannunka, M-I-L-D-R-E-D, ka miƙa masa a asibiti da ma'aikatar magajin gari, ka karanta takardar kafin ka bar wurin, don gyara daga baya sai an bi ta kotu. A gida kuwa, tunda sunan mahaifiyarka ne, Ummi ko Mama za a riƙa kiran ta.