Sunan ƙunshin manhaja: a rubuta a takarda kafin a saki

Kai yaro, kana tambaya harafi nawa sunan ƙunshin manhaja zai ɗauka, kuma ko ana canza shi daga baya. Ta farkon ai ba ta kai a tsayar da ni ba. A npm, rumbun intanet da ake ajiye ƙunshin manhajojin harshen JavaScript, iyaka harafi 214 ne, a crates.io, rumbun harshen Rust, 64. Amma wa zai zauna yana buga suna mai harafi ɗari? Kalma biyu ko uku, ƙananan haruffa, da ɗan layi a tsakani. Kada ka sa ƙ, ɗ ko ɓ, ba za a karɓa ba, komai kishinka da Hausa. A PyPI kuwa, rumbun harshen Python, kudin_shiga da Kudin-Shiga da kudin.shiga duk suna ɗaya ne, don haka bar wayon sauya alama idan wani ya riga ka.

Ta biyun ce ke ƙona min rai. Wani mai sayar da kayan gini a Dei-Dei ya kawo aikin manhajar Android, shi da abokin kasuwancinsa. Ya dage sai an cusa sunayensu duka biyu cikin applicationId, wato sunan nan mai ɗigo-ɗigo da ke farawa da com. An ce masa a sa sunan kanti kawai, domin wannan da zarar ya hau Play Store ya zauna ke nan. Ya ce kuɗinsa ne. To, kuɗinsa ne.

Da suka ɓata da abokin, sai ga shi wai a goge sunan wancan kafin Juma'a. Sunan da ake gani a fuskar waya ana canza shi cikin minti biyar. Amma ka taɓa applicationId, Google sabuwar manhaja take gani: masu tsohuwar ba za su samu sabuntawa ba, taurari da sharhin kwastomomi su tsaya can, kowa sai ya sake saukewa. Mutumin nan ya rantse ba a taɓa gaya masa ba, ya riƙe rabin kuɗin aikin, har yau.

Ku 'yan yanzu da baki kuke karɓar aiki, ko ta saƙon murya a WhatsApp. Rubuta sunan harafi-harafi, ka bincika babu mai shi, mai aikin ya sa hannu a ƙasa, sannan ka kunna kwamfuta. Je ka ɗauko takardar aikin Kubwa in ga abin da ka sa.