Aikin ido da leza tiyata ne a doka?

Malam, ka tambaya ko aikin ido da leza (wato wani haske mai ƙarfi da na'ura ke fitarwa) tiyata ne tunda babu wuƙa. A Amurka an daɗe ana wannan ja-in-ja. A 2007 ƙungiyar likitocin tiyata ta ƙasar ta ce duk aikin da ya sauya halittar jiki ta hanyar yanka ko lalata nama tiyata ne, ko da leza aka yi shi. Sai dai maganar ƙungiya ba doka ba ce, kowace jiha da nata hukuncin. Jihar Oklahoma tun 1998 ta yarje wa masu gwajin ido, waɗanda ba likitocin tiyata ba ne, yin wasu ayyukan leza. Ni kam ina bayan likitocin, domin idan aikin ya ɓaci, wanda ya koyi tiyata ake nema ya ceto idon.