Lokacin da ɗaliban ABU suka kai aji ƙauye

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ƙanwata, na saurari tambayar da kika ajiye jiya da daddare, inda kike son sanin ko an taɓa samun wata jami'a a ƙasar nan da ta gwada koyarwa ta wata hanya dabam da lakca da haddar handawut, da kuma yadda rayuwar ɗalibai take a wancan zamani. An yi, kuma ba a nesa ba, a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, wadda aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962.

Tun wurin yana kwaleji, ɗalibai ne suka fara. A 1958 wasu masu koyon zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya domin sun gaji da zane irin na Turawa zalla, kowa ya waiwayi fasahar gidansu. Shi Okeke sai ya ɗauko uli, wato zanen da matan Ibo suke yi a jiki da bangon ɗaki.

Amma gwajin da na fi so ki sani shi ne na sashen wasan kwaikwayo, wanda ya fara a 1975 ƙarƙashin Michael Etherton, wani malami da ya zo bayan ya koyar a Zambiya. Ɗakin wasan ma kansa ba da siminti aka gina shi ba. Wani Ba'amurke mai tsara gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya zana shi, aka tayar da shi da jar ƙasa, fili a tsakiya, ɗakuna kewaye da shi kamar gidan Bahaushe, ta yadda mai wasa da mai kallo suna kusa da juna, babu wani dogon dandamali da ya raba su.

Ga yadda karatun yake. Maimakon a miƙa wa ɗalibi rubutaccen wasa ya haddace, sai a tura su rukuni-rukuni cikin garin Samaru ko wani ƙauye, su gaida mai gari, su zauna a gindin bishiya da bakin rijiya da kasuwa, su saurari abin da yake ci wa mutane tuwo a ƙwarya. Daga nan su dawo su ƙulla wasa da baki, ba tare da rubutu ba, su koma su yi shi a dandali, a ƙarshe kuma a buɗe fili mutanen gari su ce an faɗi daidai ko an yi kuskure. Ki tuna cewa jami'ar tana ɗaukar ɗalibai daga ko'ina a Najeriya, saboda haka wanda ya zo ba ya jin ko "zo in kashe ka" dole ya jingina da abokin karatunsa Bahaushe, kuma wannan kaɗai darasi ne da babu shi a manhaja. Haka aka yi Wasan Manoma a yankin Soba a 1977, lokacin da gwamnatin Obasanjo take yayata shirinta na ciyar da ƙasa, aka kuma yi wani a Maska a 1979.

A ganina raunin abin a farko shi ne ɗalibi ɗan shekara ashirin ya zo ya yi wa manomin da ya tsufa a gona wa'azin noma, ya hau mota ya koma makaranta, matsalar taki da ta gona tana nan inda take. Su kansu malaman sun gane haka, shi ya sa daga baya aka koma jawo mutanen ƙauyen su shiga wasan da kansu.

Game da rayuwar ɗalibai kuwa, a lokacin ana cin abinci a kafteriya da tikiti, kuma ƙungiyar ɗalibai tana da baki ƙwarai. Da aka ƙara kwabo 50 a kuɗin abincin yini a 1978, lokacin Kanar Ahmadu Ali yana kwamishinan ilimi na tarayya, sai zanga-zangar Ali Must Go ta ɓarke, aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya. Tunawa da waɗannan mamata ne ya jawo rikicin 1986, bayan an hukunta shugabannin ɗalibai kan zargin cewa jerin gwanonsu ya kutsa ɗakin kwanan mata na Amina, har 'yan sanda suka buɗe wuta a ranar 23 ga Mayu. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

In Allah Ya kai ki Samaru, ki tambayi ɗaliban wasan kwaikwayo su nuna miki ɗakin nan na ƙasa. Wassalamu alaikum.